Kukar Lantarki a Gidajen Sakkwato: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin kukar lantarki, wato murhun girki mai aiki da wutar lantarki, da suka fi yawo a bakin matan aure, da iyaye masu haɗa wa amarya kayan ɗaki, da ɗalibai masu zaman haya. An fara da na saye da jonawa, aka gangara zuwa na girki da gyara. Za a lura cewa yawancin laifin da ake ɗora wa kuka ba nata ba ne: ko na wayar da ke bayanta ne, ko na tukunyar da ke kanta.

1. Kukar lantarki iri nawa ce, kuma wacce ta dace da irin girkinmu?

Iri huɗu ake samu a shagunan kayan wuta. Akwai mai zagayayyen ƙarfe kamar nadin gammo, wadda ke yin ja idan ta ɗau zafi. Akwai mai baƙin faranti na ƙarfe, wadda aka fi sani da hotfilet. Tana jinkirin ɗaukar zafi, tana kuma jinkirin hucewa. Akwai mai gilashi a sama da abin zafin a ƙarƙashi. Sai indokshin, wadda ita kanta ba ta zafi, gindin tukunyar take zafafawa ta hanyar maganaɗisu. Kowace daga cikinsu ana samun ta ƙarama ta ɗorawa kan tebur, ko babba mai tsayuwa da obin a ƙasa.

Ga gidan da ake tuƙa tuwo kusan kullum, mai baƙin faranti ta fi jure wahala, kuma kayan gyaranta sun fi samuwa. Indokshin ta fi kowa sauri da ƙarancin cin wuta, amma tana da zaɓen tukunya (duba amsa ta 8), kuma akwai allon lantarki a cikinta da ba ya son wutar da ke hawa da sauka. Wadda ba za mu ba kowa shawarar saye ba ita ce ta haɗin gida, wadda ake shimfiɗa tsirarar waya a cikin yumɓu ko bulo. Arha gare ta, amma wayar nan da ke ja tana ɗauke da wuta kai tsaye, cokali ya taɓa ta ko miya ta zubo, sai wani labarin.

2. Idan na saye ta, zan iya rabuwa da gas da gawayi?

A'a, Hajiya. Ko a layin da ya fi kowane samun wuta, ranar da za ki yi baƙi ita ce ranar da za a ɗauke. Hukumar NERC, mai kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar: Band A an yi musu alkawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Kamfanin Kaduna Electric, wanda ke raba wuta a Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Kaduna, shi ke sanya kowane layi a rukuninsa, kuma za ki iya gane naku a takardar sayen yunit. In kuna C zuwa ƙasa, kukar lantarki mataimakiya ce kawai. Shi ya sa masu kai huɗu da aka raba, uku na gas ɗaya na wuta, ko biyu da biyu, suka fi dacewa da garin nan.

3. Na sayo babbar kuka mai kai huɗu da obin. In sa mata filogi in jona a soket ɗin kicin?

Kada ka yi, Alhaji. Nan ne gobarar kicin da yawa ke farawa. Soket na gama-gari mai ƙafa uku masu kusurwa amfiya 13 yake ɗauka, wato wajen wat 3,000 a wutarmu ta bolt 230. Ƙaramin kan kuka kaɗai wat 1,000 ne, babba 1,500 ko 2,000, obin kuma ya kan kai 2,000 zuwa 2,500. Ranar suna ko Sallah da aka kunna duka, kukar za ta iya jan wat 7,000 ko fiye. Soket ba ya cewa ya gaji. Zafi zai yi, roba ta fara narkewa, warin ƙauri ya tashi, wani lokaci kuma cikin bango abin ke ci ba a gani.

Abin da take buƙata shi ne layinta ita kaɗai tun daga akwatin rarraba wuta na gidan: waya mai kauri wadda masu wayarin ke kira milimita 6 (6mm²), bireka ta kanta mai amfiya 32, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in nauyi ya yi yawa, da babban makunnin kuka na bango, mai jan madanni, wanda yawanci amfiya 45 ne. A kafa makunnin a gefe, inda hannu zai kai ba tare da an miƙa ta saman tukunya ba. Sannan a haɗa wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, a tabbatar kuma ta isa ƙarfen da aka binne, ba a bar ta tana lilo a bayan soket ba. Wajen sayen waya a yi hattara, don akwai wadda aka shafa wa launin jan ƙarfe alhali cikinta alminiyum ne. A kankare bakinta da wuƙa. In fari ya bayyana a ajiye musu abarsu. Gidajen haya da yawa a Mabera ko Arkilla ko Gidan Dare an yi wayarinsu ne da lissafin ƙwan fitila da fanka da firji, ba da lissafin obin ba, don haka a kira mai wayarin da ya san aikinsa ya duba kafin a sauke kuka daga kwali.

Ƙaramar hotfilet mai kai ɗaya ko biyu tana iya zama a soket, muddin jimillar wat ɗinta bai wuce 3,000 ba kuma soket ɗin na bango ne. Doguwar wayar ƙari mai bakuna huɗu, wadda ake jona talabijin da caji, ba ta girki ba ce. Bayan minti 20 da kunnawa ka taɓa filogin: ɗumi kaɗan ba komai, amma in ya ƙona yatsa akwai abin da ya saki a ciki.

4. Yunit nawa take ci?

Lissafin ba wuya. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Kan da ke da wat 1,500, in aka bar shi a lamba ta ƙarshe awa guda, ya ci yunit ɗaya da rabi. Awa biyu a kullum, yunit 90 ke nan a wata. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sauko da shi zuwa sama da naira 200 kaɗan. A wannan farashi yunit 90 ya haura naira 18,000. Sauran rukunonin sun fi haka sauƙi nesa ba kusa ba.

Ba dole ba ne a kai wannan adadi. Da tukunya ta tafasa a rage lamba, don tafasa mai ƙarfi ba ta fi mai sauƙi saurin nunar da abinci ba, ruwa kawai take ƙonarwa. A rufe tukunya. A jiƙa wake tun dare. Ganda da ƙafar sa a ba tukunyar firesha. Baƙin faranti kuma yana riƙe zafi, don haka shinkafa za a iya kashe mata wuta saura minti 5 zuwa 10, ta turara da abin da ya rage. Masu cewa a sa a zagaye mita don kukar ta huta da cin kati, su sani satar wuta laifi ne a dokar lantarki ta 2023, kuma irin wannan jonin na ɓoye shi ne ba ya bi ta bireka.

5. Tsakaninta da gas wanne ya fi sauƙin kuɗi?

Ya danganta da rukunin layinku da kuɗin gas a ranar. Ga ma'aunin da za ki riƙe: kilo ɗaya na gas yana yin aikin da baƙin faranti zai yi da kusan yunit 9, saboda wajen rabin zafin gas yana bin gefen tukunya ya tafi. Ki ninka kuɗin yunit ɗinku sau 9, ki gwada da kuɗin kilo. A Band A sau da yawa gas ke yin nasara ko su yi kunnen doki. A ƙananan rukunoni wuta ta fi arha, in ta samu. Akwai kuma ribar da ba ta shiga lissafi: a watan Afrilu, zafi ya wuce digiri 40, kicin ɗin da ba harshen wuta a ciki ya fi zaunuwa.

6. Ga wuta an kawo, amma ruwan shayi ya ƙi tafasa. Kukar ce ta lalace?

Kafin a zarge ta a dubi fanka da ƙwan fitila. In fanka na juyawa da ƙyar, wutar ce ba ta da ƙarfi. Zafin kuka ba daidai da raguwar wuta yake raguwa ba, ya fi haka faɗuwa: in bolt 230 ya sauko zuwa 180, kan wat 1,500 ba zai ba da fiye da wajen 920 ba. Wannan ya fi faruwa da bazara, daga Maris zuwa Mayu, tsakanin magariba da sha ɗayan dare, lokacin da kowane gida ya kunna na'urar sanyaya ɗaki a kan tiransifoma ɗaya. Dabarar matan da suka saba ita ce su yi girki mai nauyi da asuba ko hantsi.

Raunin wuta ba ya lalata baƙin faranti, jinkiri kawai yake sa shi. Indokshin ce ke yin ƙara ta nuna wata lamba ta mutu. Ƙaramar sitabilaizar firji ba ta ɗaukar kuka, ƙonewa za ta yi. In kuwa wuta lafiya lau take amma kai ɗaya ne ke sanyi, a duba amsa ta 14.

7. Janareta ko sola za su ɗauke ta?

Ƙaramin janaretan nan na shago da bai kai wat 1,000 ba, ko kusa. Mai wat 2,500 zai ɗauki kai ɗaya in an kashe sauran kaya masu nauyi, amma ƙona fetur don a dafa shinkafa da lantarki asara ce, gas ya fi. Sola kuwa Sakkwato ba ta rasa rana ba, batir ne matsalar. Awa ɗaya a kan wat 1,500 zai kusa shanye abin da za a iya cira lafiya daga babban batir guda na gida. Wanda ke da manyan faifan sola da inbata mai ƙarfi zai iya girki da indokshin tsakar rana, lokacin da wutar ke zuwa kai tsaye daga faifan. Da dare a bar wa fanka.

8. Wace tukunya ta dace, kuma ana tuƙa tuwo a kai?

Gas harshensa yana rungumar tukunya ko yaya gindinta yake. Farantin lantarki sai inda ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Tukunyar da gindinta ya lotsa ko ya yi tulu, gefe kaɗan ne ke zaune a kan farantin, sauran zafin yana taruwa a cikinsa har ya gajarta masa kwana. Ki kifa tukunyar ki ɗora ruler ɗin 'yan makaranta a gindinta. In haske na wucewa sosai ta ƙarƙashi, ta gawayi ce. Faɗin gindin kuma ya yi daidai da farantin ko ya ɗan fi shi. Tukwanen ƙirar maƙera masu zagayayyen gindi, da tandar masa, da tukunyar ƙasa, duk ba nan ne wurinsu ba. Ga indokshin kuwa gwajin ɗaya ne: maganaɗisu ya manne a gindi, za ta yi; bai manne ba, ko kunnuwa ba za ta yi ba, kuma yawancin tukwanen alminiyum na kayan aure a nan suke faɗuwa.

Tuwo yana yiwuwa a kan baƙin faranti, sai dai ki tuna ba ya sauka nan take kamar gas. In kika jira sai kin zuba gari sannan ki rage, talgi zai yi ta tsalle yana fallatsa, gindi ya kama. Ki rage lamba tun ruɗe bai gama dahuwa ba. A kan mai gilashi kuwa ba ma son a tuƙa tuwon gida mai yawa, domin dannawar muciya da gogar tukunya suna karce gilashin, wani lokaci su tsaga shi, kuma kuɗin sabon gilashi ya kusa na sabuwar kuka.

9. An ɗauke wuta ina tsakiyar girki. Me zan fara yi?

Ki mayar da kowane makunni sifili, ki kashe na bango, sannan ki nemi ashana ki koma gas. Wannan tsari kada ya sauya. Abin da ke faruwa shi ne a sauke tukunya a bar makunni a lamba shida, a manta, a ɗora tsumma ko robar kayan miya ko faifai a kan farantin da ya huce, sai Nefa su dawo da wuta ƙarfe biyun dare kowa na barci, ko ana can gidan biki. Gas in an bar shi yana wari. Wannan ba ya wari, ba ya ƙara, kuma baƙin faranti ko yana da zafin da zai ƙona hannu ba ya canja kama. A koya wa 'yar aiki da manyan yara wannan kafin a koya musu kunnawa, kuma saman kuka kada ya zama wurin ajiya ko da a kashe take.

10. Idan na taɓa tukunya ko jikin kukar sai in ji tana ja na. Haka suke yi?

Ba haka suke yi ba, kuma sa silifa ba magani ba ne. Wuta ce ke zurarewa zuwa jikin ƙarfen, ko don ruwa ya shiga, ko abin zafin ya tsage a ciki, ko ɓera ya ci rigar waya, sannan wayar ƙasa da ya kamata ta kwashe ta ba ta aiki (amsa ta 3). A kashe daga bango, kada a sake kunnawa sai mai gyara ya auna. A ƙasarmu mai yashi, ƙarfen da aka binne ya kan rasa kamu idan ƙasa ta bushe ƙayau da rani, don haka shi ma a auna shi. Bireka mai yanke wuta da zarar ta ji zurara tana da ɗan tsada, amma a gidan da ake girki da jiƙaƙƙen hannu a kan tayil ta cancanci kuɗinta.

11. Sabuwa ce fil, amma tana hayaƙi da wari.

Man da aka shafa mata a masana'anta ne ke ƙonewa. A cire duk wata leda da kwali, a buɗe taga, a kunna kowane faranti ba tukunya na minti 3 zuwa 5, obin kuma a bar shi babu komai a ciki wajen rabin awa zuwa awa. Ban da wannan karon da ɗan kunnawar busar da shi bayan wanki, ba a kunna faranti babu tukunya a kai. Iyayen amarya su gwada ta tun a makon saye, takardar garanti na hannu. Kukar da ta shekara a kwali tana jiran ranar jere, in ta ƙi kamawa, mai shago ba zai saurare ku ba.

12. Yaya ake wanke ta, kuma me ke hana farantin tsatsa?

A kashe daga bango, a bari ta huce. Ba a kwara mata ruwa. Tsumma mai ɗanshi da sabulun wanke-wanke ya isa jikinta. Baƙin faranti a goge shi da soso, a kunna shi minti ɗaya ya bushe, sannan a ɗiga man gyaɗa kaɗan a tsumma a shafe shi. Gishiri da ruwan miya da jiƙaƙƙen gindin tukunya su ke kawo tsatsa, musamman da damina. Mai gilashi ba a kai mata soson ƙarfe ko toka. Kuma in sukari ya narke a kai, irin na alawa ko zoɓo da ya tafaso, a kankare shi da wuri cikin hattara, don in ya daskare yana cin gilashin. Obin kuma a kwaɓa bekin soda da ruwa a shafa a bangonsa, a bar shi ya kwana, a goge, ba tare da an taɓa ƙarfen zafin ba.

Da hunturu ƙura ke shiga ko'ina. Indokshin tana da fanka a ƙasa, in ƙura ta toshe ramukanta sai ta riƙa mutuwa tsakiyar girki. Tsohon buroshin haƙori ya isa. A rufe kuka da zane in ta huce sarai. Lokaci-lokaci a jawo babbar daga bango a share bayanta, saboda kyankyasai da ɓeraye na son ɗumin wurin da ɓurɓushin abinci.

13. Kek ɗina yana ƙonewa a ƙasa, cikinsa ɗanye.

Ki kunna obin minti 10 zuwa 15 kafin ki sa komai, har fitilar zafi ta mutu. Kek digiri 180 yake so, a tsakiyar obin, da wutar sama da ta ƙasa tare. Burodi ya fi son 200 zuwa 220. Yawan buɗe ƙofa yana zubar da zafi. Kada ki shimfiɗa takardar alminiyum a daɓen obin, tana tare zafi ta lalata shi. In duk kin kiyaye amma abin bai gyaru ba, ko dai ƙarfen zafi na sama ya mutu, ko robar bakin ƙofa ta saki, ko na'urar daidaita zafi ta daina faɗin gaskiya. Ƙaramin ma'aunin zafi na cikin obin zai raba gardama. Masu yin kek na sayarwa kuma su tambayi lokacin da layinsu ya fi zama kafin su fasa ƙwai.

14. Kai ɗaya ya daina zafi, ko kuma ya ƙi raguwa. Gyara ko sabuwa?

Gyara, kusan kullum. In kai ɗaya ne ya mutu sauran na aiki, ko abin zafin ya yanke, ko wayar da ke shiga cikinsa ta ƙone a mahaɗa, ko makunninsa ne. In yana zafi a wasu lambobi ban da wasu, ɗaya daga cikin wayoyin cikin farantin ce ta tafi. In ya tsaya a zafi ɗaya ko ina aka murɗa, makunni ne ya manne, kuma wannan kada a jinkirta shi. In duka suka mutu lokaci guda, a fara duba bireka da makunnin bango. Bireka mai faɗuwa duk sanda aka kunna wani kai tana nuna kan ne ke zurara. Kada a yarda mai gyara ya cire ta ya sa babba, ko ya ɗaure fis da waya.

Faranti ana sayar da shi daban, a tafi da tsohon kasuwa don a dace da faɗi da wat. A nemi a mayar da wayoyin ciki da irin masu jure zafi, ba wayar wayarin ɗaki ba, wadda robarta za ta narke cikin mako. Abin da ba ya gyaruwa shi ne jikin da tsatsa ta huda, da gilashin da ya tsage. Mai tsagaggen gilashi kada a ƙara kunna ta, ruwa zai bi tsagar ya sami wuta.

15. In mai ya kama da wuta, ko yaro ya dafa faranti mai zafi fa?

Mai in ya kama, a kashe makunnin bango, a rufe kaskon da murfin ƙarfe, a bar shi a rufe har ya huce. Kada a zuba ruwa, kada a ɗauki kaskon a nufi tsakar gida da shi. Da yake farantin zai ci gaba da zafi bayan an kashe, kada a yi saurin ɗaga murfin a leƙa. In wutar ta kama labule ko silin, a fitar da kowa, a kashe babban layin gida, a kira 'yan kwana-kwana.

Ƙuna kuma a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura. Ban da man goge baki, da ɗanyen ƙwai, da manja, da gishiri. Ƙunar tafin hannun yaro, ko ta fuska, ko wadda ta yi faɗi, ta asibiti ce a ranar. Wanda wuta ta riƙe kuwa ba a kama shi da hannu. A kashe layin, ko a ture shi da busasshen icce kamar taɓarya, sannan a kai shi a duba shi ko da ya ce ya warware.